Malaman Gefen Gado: Tallafawa da Riƙe Masu Horar da Ɗaliban Jinya da Ungozomanci a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da gogaggun ma'aikatan jinya da ungozomomi suke ciki a asibitocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, wato waɗanda ɗalibai da sababbin ma'aikata suke koyon aiki a hannunsu. Takardar ta kira su malaman gefen gado. Ta nuna cewa Najeriya tana ƙara yawan ɗaliban da take ɗauka a makarantun lafiya a daidai lokacin da masu koya musu aiki suke raguwa, kuma raguwar ta fi ciwo a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Bayan bitar abin da aka gwada a Katsina da Kano da wasu ƙasashe, ta kawo shawarwari a kan muƙami, lokaci, alawus, masauki, tsaro da ɗaukar 'yan gida. Matsayarta ita ce duk shirin ƙara ma'aikatan lafiya da bai fara da riƙe waɗannan malamai ba, takardun shaida zai yawaita, ba ƙwararrun hannaye ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haihuwa ya san irin wannan dare. Ƙarfe biyu ya gota, mace ta sauka lafiya, mabiyiya ta fito, sai jini ya ɓalle. Ɗalibar da ke tsaye ta karanta babin zubar jini bayan haihuwa, ta ci jarrabawa a kansa, tana iya jero sunayen magungunan da ka. Amma hannunta rawa yake yi. Sai babbar sista ta kamo hannun ta ɗora a kan marar mai jegon, ta ce, "Taɓa nan, 'yata. Kin ji ta saki? Murza, kada ki ɗaga sai kin ji ta yi tauri." Cikin mintuna kaɗan abin da yake a takarda ya koma cikin yatsu, kuma ba zai sake fita ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hanya ta koyo. Ɗan maƙeri yakan shekara yana zuga kafin a ba shi guduma, baduku yana gefen ubangidansa yake sanin inda ake huda fata, kuma ba a yaye yaron wanzami sai an ga hannunsa ya faɗa. Aikin jinya ma sana'ar hannu ce, bambancin kawai shi ne a nan kuskure rai yake ci.

Gwamnatin Tarayya ta sanar, ta bakin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, cewa an ɗaga gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun koyon aikin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. A watan Fabrairun 2024 kuwa, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, NMCN, ya bayyana cewa nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekaru uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Idan aka jera lissafin biyu, tambaya ɗaya ce take fitowa: wa zai kama hannun waɗannan dubban ɗalibai? A birni tambayar tana da nauyi. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta zama ta rai da mutuwa.

2.0 Wace ce Malamar Gefen Gado?

Ɗaliban jinya na Jihar Katsina suna fara karatunsu a aji, a wurare irin su Makarantar Koyon Aikin Jinya ta Katsina da Makarantar Ungozomomi ta Malumfashi, masu karatun lafiyar al'umma kuma a makarantun Kankiya da Daura. Amma kaso mai tsoka na shekarun karatun a cikin asibiti ake yin sa. Ana tura ɗalibi ɗakin maza, ɗakin yara, ɗakin haihuwa, wurin awon ciki da asibitin karkara, yana riƙe da littafin da ake sa masa hannu a kan kowane aiki da ya iya. Mai sa wannan hannu ba malamin aji ba ne. Ma'aikaciyar asibiti ce, ko ma'aikaci, domin a Arewa maza da yawa suna aikin jinya, wadda take da nata marasa lafiyar da take kula da su, aka kuma jingina mata ɗalibai.

Aikinta hawa uku ne. Takan yi ɗaliba ta gani, sannan ɗaliba ta yi tana kallo tana gyarawa, daga ƙarshe ta yanke hukunci ko wannan yarinya ta isa a bar ta ita kaɗai da marar lafiya. Hawa na ukun shi ne amana mafi girma, domin sa hannunta shaida ce a gaban hukuma da gaban Allah.

Akwai kuma abin da ba ya cikin manhaja. Mai haihuwar fari a ƙasar Hausa takan ɓoye naƙuda saboda kunya, sai an san yadda za a tambaye ta kafin ta faɗi tun yaushe ciwon ya fara. Uwar miji takan zo da nata ra'ayin, mai gida kuma yana iya kasancewa a gona ko kasuwa alhali ana jiran amincewarsa kafin a tura matar babban asibiti. Yadda za a yi wa dattijuwa magana ta sakko ba tare da ta ji an raina ta ba, a bakin gogaggiyar ma'aikaciya ake tsintar sa.

A Amurka akwai rukunin nas-nas masu zurfin horo da doka ta ba su damar duba marar lafiya, su gano cuta, su rubuta magani. An fara horar da su a Jami'ar Kolorado a 1965, ƙarƙashin Loretta Ford da Henry Silver, saboda ƙarancin likitocin yara a karkara. Najeriya ba ta da wannan rukuni da sunansa, amma tana da aikinsa. A asibitin ƙauye, nas ko ungozoma ko jami'in lafiyar al'umma shi ne likita, shi ne mai magani, shi ne mai yanke shawarar a tura ko a riƙe. Manufar raba ayyukan lafiya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2014 ta ƙara tabbatar da haka, inda ta miƙa wa ƙananan ma'aikata wasu ayyuka bisa sharaɗin horo da sa ido. Sharaɗin nan shi ne ginshiƙin manufar, kuma malamar gefen gado ce take ɗauke da shi.

3.0 Fagen Aikin

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasa ce ta noma, mai masara da dawa da auduga, ga farar ƙasar Ƙanƙara da ake haƙa ana kai wa masana'antu. Yankin ya jingina da Zamfara ta yamma da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna ta kudu, kuma dukkan ƙananan hukumomin uku suna cikin takwas ɗin da aka daɗe ana kira na bakin daga, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume.

Duniya ta san sunan Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta garin. An sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Duk da haka, a Janairun 2025 'yan bindiga sun kutsa Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, suka harbi likita, suka tafi da mutane.

An yi rubutu mai yawa a kan abin da waɗannan al'amura suka yi wa noma da makarantu. Ba a cika duba abin da suka yi wa koyon aikin asibiti ba. Lokacin da aka katse waya, sabuwar ungozoma da ke ƙauye ta rasa hanyar da za ta kira uwar ɗakinta ta tambaye ta adadin allurar mai jijjiga. Lokacin da hanya ta zama abin tsoro, ziyarar sa ido daga hedikwata ta zama sai an yi shahada. Kuma idan asibiti da kansa ya zama wurin da ake kai wa hari, aikin dare, wanda shi ne babban ajin ɗakin haihuwa, sai ya zama abin da kowa yake gudu.

Wanda yake da hanyar neman canjin wurin aiki shi ne wanda ya daɗe, ya san mutane, yake da ƙarin takardu. Saboda haka gogaggu ne suke fara komawa Funtuwa, Malumfashi ko Katsina, a bar sababbi da masu aikin sa kai. Iyaye da shugabannin makarantu kuma ba za a ga laifinsu ba idan suka yi ɗari-ɗari da tura ɗalibai mata su kwana a irin waɗannan wurare. Daga nan sai abin ya zama zagaye: ba malama, ba ɗaliba, ba ɗaliba, ba wadda za ta saba da wurin har ta yarda ta dawo aiki bayan ta gama.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 512 ne suke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ƙwararre yake karɓa. A Arewa maso Yamma, a lokacin binciken, waɗanda suke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Ke nan matar da aka kawo asibiti a Faskari sau da yawa wadda abin ya riga ya gagara ce a gida. Irin wannan ba ta buƙatar mai koyo, tana buƙatar wadda ta ga irinta sau ɗari.

4.0 Abin da ke Korar Su

Rashin tsaro shi ne babba, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma jingina masa komai yakan sa a yi watsi da abin da ake iya gyarawa yau.

Na farko, aikin ba shi da suna. A yawancin asibitoci ba a naɗa malamar gefen gado da takarda, ba a tambayar ta ko ta shirya. Da safe kawai za ta ga ɗalibai sun shigo da fararen kaya. Ranar yaye ɗalibai za a gode wa shugaban makaranta da manyan baƙi, ita kuwa tana can tana karɓar haihuwa. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, shekarun da ta yi tana koyarwa ba su da gurbi a fom.

Na biyu, lokaci. Koyarwa tana rage saurin aiki. Sa ƙarin ruwa da zai ɗauke ta minti biyu yakan ci minti goma idan ɗaliba ce take neman jijiya. Ma'aikaciyar da ita kaɗai ce a ɗaki, ga layin masu awon ciki ya kai bakin ƙofa, dole ta zaɓa, kuma marar lafiya za ta zaɓa. Sai ɗaliba ta koma 'yar aike, ta ɗauko wannan ta miƙa wancan, a sa mata hannu a ƙarshen wata saboda tausayi.

Na uku, kuɗi. Shekaru da dama alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a 2021 Gwamnatin Tarayya ta sake duba shi. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma kuma yana kallon takwaransa na asibitin tarayya yana ɗaukar abin da ya fi nasa. Wannan ne ya kafa tsanin da kowa ya sani: daga ƙauye zuwa babban asibiti, daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, daga nan zuwa Saudiyya ko Ingila. Duk wanda ya tashi daga matakin sama, daga na ƙasa ake cike gurbinsa, kuma Sabuwa tana can ƙasan tsanin, inda babu wanda za a jawo.

Na huɗu, iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Akwai ungozomar da hannunta ya ƙware amma ba ta taɓa samun wanda ya nuna mata yadda ake gyara wa ɗaliba kuskure ba tare da tsawa a gaban marar lafiya ba. Ita ma da tsawa aka koya mata. Kuma idan ɗaliba ta yi ɓarna, lasisin ungozomar ne yake cikin haɗari, ba na makaranta ba.

Na biyar, iyali. Mafi yawan ungozomomi matan aure ne masu 'ya'ya. Inda babu gidan ma'aikata mai katanga, babu ruwa, babu makarantar da za a sa yara hankali kwance, da wuya mai gida ya amince, ko da ita ta so.

A Fabrairun 2024 hukumar NMCN ta fitar da ƙa'idar da ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance mata takardu don fita waje, abin da ya jawo zanga-zangar nas-nas a Abuja da Legas. A Agustan 2024 aka amince da manufar ƙasa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Ko me za a ce game da waɗannan matakai, darasi ɗaya a fili yake. Doka tana iya tsare ƙafar ma'aikaciya, amma ba ta iya sa ta koyar da zuciya ɗaya.

5.0 Darussa daga Gida da Waje

Darasi na farko daga shirin ungozomomi na MSS ne, wanda Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2009. An haɗa ƙananan asibitoci huɗu-huɗu da babban asibiti guda, aka fara da ƙanana 652 da manya 163. An tura ungozomomi huɗu kowane wuri, kuma an gauraya sababbin yaye da waɗanda suka yi ritaya. Hikimar a bayyane take, da tsohuwar zuma ake magani. An tsara Tarayya ta biya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. Inda shirin ya yi tuntuɓe shi ne jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika nasu alkawarin ba, ungozomomi suka riƙa sulalewa. Tsarin bai gaza ba, biyan ne ya gaza.

Na biyu shi ne shirin Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Shirin ya ɓullo da shekarar share fage ga 'yan matan karkara da ba su cika sharuɗɗan shiga makarantun lafiya ba. Al'umma ce take zaɓo su, da fahimtar za su dawo gida su yi aiki. Wannan ya yi daidai da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2010, ta kuma sabunta a 2021, cewa wanda ya tashi a karkara ya fi zama a karkara. 'Yar Faskari tana da ɗakin uwarta a Faskari. Amma idan ta dawo ta tarar babu babbar da za ta tsaya a kanta, an dawo da ita ne ta koya a jikin 'yan uwanta.

Na uku yana nan kusa da birnin Katsina. Asibitin Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara gyaran yoyon fitsari a shekarun 1980, ya zama cibiyar ƙasa ba don gini ba. Ya zama haka ne don likitoci da nas-nas daga jihohi da ƙasashe sun riƙa zuwa suna tsayawa kusa da gwani, suna gani, suna yi, ana gyara musu. Gwani ɗaya da ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru ya haifar da zuriyar ƙwararru.

Kano ma ta ba da shaida sau biyu. A 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate don jijjigar masu ciki a manyan asibitoci goma na jihar, ta hanyar horar da wasu likitoci da ungozomomi su koma su horar da abokan aikinsu. Mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. Sai kuma gwajin E-MOTIVE da aka buga sakamakonsa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana jagorantar ɓangaren Najeriya. Da ledar auna jini mai ma'auni, da haɗa magunguna lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, an rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A kowane asibiti an ware jagororin cikin gida da suke tabbatar da ana atisaye ana bin tsarin. Magungunan ba sababbi ba ne. Sabon abin shi ne an sami mai tsayawa a kan aikin.

A Ruwanda, tun 2010 shirin MESH ya zaɓi gogaggun nas-nas ya mayar da koyarwa cikakken aikinsu. Suna zaune a asibitin gunduma, suna zagaya ƙananan asibitoci, su wuni suna duba marasa lafiya kafaɗa da kafaɗa da ma'aikacin wurin. Ingila ta sake tsari a 2018, ta raba mai lura da ɗalibi kullum da mai yanke masa hukunci, don kada nauyin biyu ya taru a kan mutum ɗaya. A Amurka, inda makarantun jinya suke mayar da dubun-dubatar masu neman shiga duk shekara saboda ƙarancin malamai da guraben horo, Jihar Jojiya ta fara rangwamen haraji ga likitocin da ke karɓar ɗalibai a 2014, daga baya ta haɗa da nas-nas, Merilan da Kolorado ma suka bi sahu. Idan ƙasa mai arziki ta gane cewa ba a samun wannan aiki kyauta, Katsina ba ta da dalilin zaton za ta samu.

6.0 Shawarwari

Mataki na farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a ba aikin suna. Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da hukumar kula da asibitoci, da hukumar lafiya a matakin farko su buɗe rajistar malaman gefen gado na kowace ƙaramar hukuma. A naɗa su da takarda, a ba su gajeren kwas na dabarun koyarwa a Malumfashi ko Funtuwa, kuma shekarun koyarwa su shiga ma'aunin ƙarin girma. Hukumar NMCN, wadda take wajabta kwasa-kwasan ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi duk shekara uku, tana iya lissafa horar da ɗalibai a cikin makin da ake nema.

Na biyu, a ƙayyade yawan ɗaliban da za a jingina wa mutum ɗaya, a kuma rage mata aikin ɗaki a ranakun koyarwa. Makaranta ta turo nata malamin ya riƙa leƙowa, kada ta sauke ɗalibai a ƙofar asibiti ta juya.

Na uku, alawus na koyarwa da na zaman bakin daga, wanda zai shiga tare da albashi ta asusu ɗaya, don kada a maimaita abin da ya sami MSS. Akwai inda za a samo kuɗin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, kuma ta ware kashi 10 cikin 100 na asusun don bunƙasa ma'aikata. Malamar gefen gado ita ce ma'anar wannan sashe.

Na huɗu, masauki da tsaro. Gidan ma'aikata mai katanga a cikin harabar asibiti, da ruwa da wutar sola, da jami'an tsaro na dindindin a asibitocin da ake kwana. Hakimai, dagatai, limamai da kwamitocin ci gaban mazaɓu su ɗauki ma'aikaciyar asibiti a matsayin baƙuwar gari wadda amanarta take wuyansu. Ɗan majalisar da ke wakiltar ƙananan hukumomin uku yana iya sa gidajen ma'aikata a cikin ayyukan mazaɓa.

Na biyar, inda zama na dindindin bai yiwu ba tukuna, a ɗauki salon Ruwanda a daidaita shi da halin wurin. Tawagar gogaggu ta zauna a Funtuwa da Malumfashi, ta riƙa shiga da rana a ranakun awon ciki bisa shawarar jami'an tsaro. Ma'aikatan ƙauye kuma a riƙa kawo su babban asibiti bi da bi, su yi mako biyu ko uku a ɗakin haihuwa mai cunkoso. Waya da WhatsApp su zama ƙari, ba madadi ba, tunda 2021 ta nuna ana iya wayar gari babu layi.

Na shida, a nemo ungozomomi da nas-nas 'yan asalin yankin da suka yi ritaya, a ba su kwantiragin koyarwa kawai, ba aikin dare ba. A kuma ware wa 'yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa gurabe a makarantun lafiya na jihar, kowace ɗaliba a haɗa ta da uwar ɗakinta tun shekarar farko, ta san hannun da za ta dawo.

Na ƙarshe, a yi wa wanda ya zauna alkawarin fita. Wadda ta yi shekara uku tana koyarwa a bakin daga ta samu fifiko wajen ƙaro karatu da albashinta, da zaɓin wurin aiki na gaba. Mutum ya fi jure zama idan ya san ƙofa a buɗe take.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ƙarin guraben karatu ba zai zama ƙarin ƙwararru ba sai an sami masu kama hannun ɗalibai, kuma a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa waɗannan masu kama hannu suna aiki ba suna, ba lokaci, ba alawus, cikin fargaba. Abin da aka gani a Babbar Ruga da asibitocin Kano ya tabbatar da cewa inda gwani ya zauna aka tallafa masa, mata suna rayuwa. Jihar Katsina tana da mazaɓun kansila 361, kuma duk asibitin da za a gyara a cikinsu zai buƙaci wadda za ta koya wa sababbi aiki. Kira ga Gwamnatin Jihar Katsina, da hukumar NMCN, da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi, da shugabannin ƙananan hukumomin uku shi ne su fara da ƙidaya gogaggun da suka rage a waɗannan asibitoci, su naɗa su da takarda, su sa alawus ɗinsu da masaukinsu a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kafin a turo rukunin ɗalibai na gaba.